Kullum masu ɗigon baki na zuwa, me ya sa mashaƙo ya dawo?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu a Kano. Shekara da shekaru masu rigakafi suna bin mu gida-gida suna ɗiga wa yara magani a baki, har aka ce an gama da shan inna. Amma ga mashaƙo ya shigo unguwarmu, ƙyanda ma ba ta daina ba. Shin rigakafin yara gaba yake yi a Najeriya ko baya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaba yake yi, amma tafiyar hawainiya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa ya nuna a 2003 yara 13 cikin 100 ne kawai, 'yan wata 12 zuwa 23, suka kammala manyan alluransu. A 2008 suka kai 23, a 2013 suka kai 25, a 2018 kuma 31. Binciken 2023 zuwa 2024 ya ba da 39. Wannan lissafin ƙasa ne gaba ɗaya, kuma yana rufe halin da Arewa ke ciki: a 2018 Anambra na da 76, Sakkwato 5. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2023 ya sa Najeriya a kan gaba a duniya wajen yaran da ba a taɓa yi wa allurar Penta (mai kare cututtuka biyar, har da mashaƙo) ko ɗaya ba, sama da miliyan biyu.

Abin da nake so ki riƙe shi ne ɗigon da ake biyo ki da shi gida na shan inna ne kaɗai. Ko sau ashirin aka ɗiga wa yaro, bai samu kariya daga mashaƙo ba. Kariyar mashaƙo tana cikin allurar Penta, wadda aka fara a ƙasar nan a 2012, ana yin ta a cinya sau uku: mako 6, mako 10, mako 14. Ta ƙyanda kuma sai wata 9, a maimaita a wata 15. Waɗannan a asibiti ake samun su, ko inda ma'aikata suka kafa teburi a unguwa. Ina yawan tambayar uwa ko an yi wa ɗanta rigakafi, ta ce "sosai ma", da zuciya ɗaya take faɗa. In na ce ina kati, babu. Na duba hannun yaro, ko tabon lamba babu. Ba na ganin laifinta, domin an fi shekara ashirin ana nuna mata cewa rigakafi shi ke zuwa ƙofa.

Yaƙin shan inna ya yi nasara, ba na musu. Bayan dakatar da ɗigon shan inna da Kano ta yi a 2003 zuwa 2004, sarakuna da malamai sun sa baki, ƙwayar shan inna ta asali a Borno aka yi mata ganin ƙarshe a 2016, aka kuma tabbatar da Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020. Sai dai kuɗi da ma'aikata sun karkata can, asibitin unguwa ya zauna da ma'aikaciya ɗaya da firijin da ba wuta. Mashaƙon da ya ɓarke tun ƙarshen 2022, wanda Kano ta fi kowa shan wahalarsa, ya fi kama yaran da ba su taɓa samun Penta ba, da yawansu sun girma har sun shiga makaranta.

Akwai kuma waɗanda ke farawa su bari. Yaro ya yi zazzaɓi da kumburin cinya bayan allurar farko, maigida ya ce kada a koma. Wannan zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu ne, alama ce jiki ya karɓa. Wata kuma ta biya kuɗin adaidaita ta je ranar allurar ƙyanda, a ce ta dawo wani makon. Dalili kuwa kwalbar ta yara goma ce, in an haɗa ta sai a zubar da ragowar bayan awa shida, shi ya sa wasu ma'aikata ke jira yara su taru. A ganina asarar rabin kwalba ta fi sauƙi a kan uwar da ba za ta sake dawowa ba. A Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato kuwa, rashin tsaro ya rufe asibitocin ƙauye da dama.

Yanzu ki ɗauko katunan yaranki huɗun ki duba ko Penta uku da ƙyanda biyu sun cika. Wanda ya tsallake wata allura, ba a sake farawa daga farko, ana ɗorawa ne daga inda aka tsaya, kuma kyauta ce a asibitin gwamnati. In akwai mai jego a gidanku, fitar arba'in ta yi daidai da allurar mako shida. Yaron da kika ga yana zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, wuya ya kumbura, ki kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya gashi ko cire beli. Allah ya raya mana su.