Me ake yi da 'ya'yan tut?

Hajiya, kin ce ɗanki da ke karatu a Turkiyya ya kawo miki tsarabar wasu busassun 'ya'yan itace farare da suke kira "dut", kin rasa yadda za ki yi da su. Ai 'ya'yan bishiyar tut ne, wadda Turawa ke kira mulberi. Bishiyar ƙasashen sanyi ce, da hunturu ya shigo ganyenta ya zube ƙaf, sai bazara ta sake toho. Ganyen farar tut ɗin kuwa shi ne abincin tsutsar siliki, tun zamanin da a China.

Ɗanyen ɗan itacen ba ya jure tafiya, kwana biyu ya dagargaje, shi ya sa ake busar da shi. Ko tsinka ba a cika yi ba, mayafi ake shimfiɗawa a girgiza reshe. Baƙar kuma, kina taɓa ta yatsunki su rine kamar kin ƙunsa lalle.

Busasshiyar da ke hannunki ana cinta haka nan kamar dabino. Mutanen Iran da ita suke shan shayi maimakon sukari. Turkawa kuwa ruwanta suke dafawa har ya yi kauri kamar zuma, suna kiransa pekmez, su gauraya da niƙaƙƙen riɗi su dangwala da burodi da safe.

Ni dai na fi sonta a kunun gyada. Ki tsince ta tukuna, don wani lokaci akan samu yashi, ki jiƙa a ruwan ɗumi minti 10, sannan ki zuba. Ki rage sukari, zaƙinta ba kaɗan ba ne.