Famfon zafi a gidan Ingila: da gaske zai rage kuɗin ɗumama gida da rabi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Bradford, ƙasar Ingila. Ni da maigidana mun sayi gida mai ɗakin kwana uku, amma boilar gas ɗin da muka tarar a ciki, wato na'urar da ke dafa ruwan ɗumama gida, ta tsufa, kullum cikin gyara take. Wani ɗan talla ya zo ya ce mu cire ta mu sa famfon zafi, wai gwamnati za ta biya fam 7,500, kuma kuɗin ɗumama gida zai ragu da rabi. Maigida har ya amince, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba, don na san wutar lantarki ta fi gas tsada nesa ba kusa ba. Ga yara huɗu, ga surukata da takan zo daga Kano ta yi mana watanni, ita kuwa ba ta shiri da sanyi ko kaɗan. Don Allah a ba mu shawara. Daga mai karatu a Bradford.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sanya albarka a gidan, ya sa ku ci moriyarsa cikin lafiya.

Maganar fam 7,500 gaskiya ce. Maganar rabi kuwa, muddin gas kuke amfani da shi yanzu, ki ajiye ta a gefe. Ba na cewa ɗan tallan ya yi ƙarya da gangan, akwai gidajen da hakan ke faruwa, amma naku ba ya cikinsu.

Bari mu fara da abin da na'urar take yi, domin duk lissafin a nan ya rataya. Ki sa hannu a bayan firjinki, za ki ji ɗumi. Wannan ɗumin daga cikin firjin aka kwaso shi aka zubar a kicin. Famfon zafi ma haka yake aiki, sai dai shi daga iskar waje yake kwasowa ya zuba a ruwan da ke zagaya radiyetocin gida. Ko a ranar da ƙanƙara ta rufe mota akwai sauran zafi a iska, kuma gas ɗin da ke cikin bututun na'urar, irin na firji, ya fi iskar sanyi, saboda haka yana iya tsotse shi, kwamfaresa ta matsa shi har ya yi zafin da zai ɗumama ruwa. Ɗan dako ne, ba shi ke ƙera kayan ba, ɗaukowa kawai yake yi, wutar da kike biya kuma ladan dakonsa ce. Shi ya sa yunit ɗaya na wuta yake iya kawo miki yunit uku ko huɗu na zafi, alhali boilar gas, komai kyanta, ba ta iya ba ki yunit ɗaya cikakke daga yunit ɗaya na gas. A aikace tana ba da kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari, sauran ya bi bututun hayaƙi.

To in haka ne me ya hana ragin ya kai rabi? Abin da kika faɗa da bakinki: tsadar wuta. Zan yi amfani da farashin da Ofgem, hukumar da ke kula da harkar wuta da gas a Birtaniya, ta ƙayyade na Oktoba zuwa Disamban 2024, wato fens 24.50 kan kowane yunit na wuta da fens 6.24 kan yunit na gas. Wuta ta kusa ninka gas sau huɗu ke nan. Ana sauya wannan farashi duk bayan wata uku, don haka ki ɗauko takardar kuɗinku ta ƙarshe ki sa naku alƙaluman a gurbin nawa.

A wancan lokacin Ofgem ta ɗauki matsakaicin gida yana shan yunit 11,500 na gas a shekara, kusan fam 718 ke nan. In boilar tana aiki da kashi 85, zafin da ya shiga gida ya kai yunit 9,800. Yanzu mu nemi wannan zafin ta famfo. In na'urar tana ba da yunit 2.8 na zafi kan kowane yunit na wuta, za ta sha yunit 3,500, kusan fam 860, kin ga an hau maimakon a sauka. In tana ba da 3.5, fam 686. In ta kai 4, fam 600. Wurin da ake yin kunnen doki da gas yana wajen 3.3. Ƙasa da nan asara, sama da nan riba.

Ban kawo 2.8 don in tsorata ki ba. A wani gwaji da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, inda aka sa famfunan zafi a gidaje sama da 700 aka riƙa auna su, matsakaicin abin da masu jan zafi daga iska suka bayar bai yi nisa da wannan ba. A gefe guda kuma akwai gidaje masu yawa da suke samun 4 ko fiye. Sau da yawa na'ura iri ɗaya ce. Bambancin yana hannun wanda ya tsara aikin kuma ya haɗa shi, kuma a nan ne nake so ku zuba ido fiye da sunan kamfanin da ke jikin akwatin.

Dalili shi ne, famfon zafi ya fi son ruwa mai ɗumi-ɗumi. Boila takan tura ruwa mai digiri 60 zuwa 70 cikin radiyeta, ta gasa ɗaki cikin rabin awa ta mutu. Famfo kuwa ya fi ƙwazo a digiri 35 zuwa 45, yana tafiya a hankali kusan yini guda. Duk digirin da aka ƙara, ladan dakon yana ƙaruwa. Don ruwa mai digiri 40 ya wadatar da falo a watan Janairu, dole radiyetar ta zama babba, ko a sa mai ninki biyu ko uku. Mai aikin da ya san abin da yake yi zai shiga kowane ɗaki da awo, ya duba tagogi, ya leƙa saman silin, ya lissafa zafin da kowane ɗaki yake zubarwa, sannan ya ce wannan radiyetar da waccan sai an canja. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya yanke muku farashi, ku sallame shi da godiya.

Batun Hajiya kuma ba ƙaramin batu ba ne, na ji daɗi da kika kawo shi. Tsofaffinmu in sun zo ƙasar nan, hannu suke ɗorawa a radiyeta, in bai ƙona su ba su ce an kashe wuta. Da famfo, radiyetar ba za ta taɓa ƙuna ba, amma ɗakin zai zauna a digiri 21 ko 22 dare da rana, babu sanyin asuban nan da ke hana mutum fitowa alwala. A ganina hakan ya fi dacewa da jikin tsoho. Haɗarin kawai shi ne wani ya je ya murɗa zafin ruwan zuwa 55 don a faranta mata rai, nan take ribar ta gudu. Gara a sa babbar radiyeta a ɗakin da take sauka tun farko. Sai ruwan wanka: mutum bakwai a gida, ga wanka ga alwala ga wanke-wanke, kuna buƙatar tankin ruwan zafi na lita 250 zuwa 300. In boilarku irin mai dafa ruwa nan take ce wadda ba ta da tanki, sai kun sadaukar da wata kabad.

Akwai hanya biyu na ƙara ribar. In kun koma girki da wutar lantarki kuka sa aka cire mitar gas gaba ɗaya, kun huta da kuɗin ajiye layi, wanda a wancan lokacin fens 31.66 ne kullum, kusan fam 115 a shekara, ko kun kunna ko ba ku kunna ba. Sannan wasu kamfanonin wuta suna da farashi na musamman ga masu famfon zafi, mai sauƙi a wasu awanni, mai tsada da yamma. Ki dai duba ya dace da ku, domin gidan da ake dafa tuwo da ƙarfe biyar na yamma a kan murhun lantarki yana iya mayar da abin da ya ci.

Kuɗin sawa kuma, aiki irin naku yakan kai fam 12,000 zuwa 13,000. Tallafin yana ƙarƙashin shirin Boiler Upgrade Scheme na Ingila da Wales, wanda ya fara a 2022 da fam 5,000 aka ɗaga shi zuwa 7,500 a Oktoban 2023. Ba a ba ku kuɗin a hannu, mai aikin ne yake nema a madadinku a cire daga farashi, kuma dole ya kasance yana da rajistar MCS, wato shirin da ke tantance masu irin wannan aiki. Saura kusan fam 5,000 ke nan daga aljihunku. Tunda boilarku ta kusa mutuwa, sabuwa ma za ta ci muku wajen fam 3,000, don haka ainihin ƙarin bai fi fam 2,000 zuwa 2,500 ba. In aikin ya yi kyau kuka yanke gas, kuna tsira da fam 150 zuwa 230 a shekara, sai kuɗin ya dawo cikin shekara tara ko fiye. In kuwa da bashi mai kuɗin ruwa za a cike, ban da abin da kuka sani na addini, ruwan kaɗai yana iya cinye ragin.

Shawarata: tunda ala tilas sai kun canja boila, ku nemi farashi daga masu aiki uku. Kowa ya rubuta muku zafin ruwan da ya tsara aikin a kai da kuma adadin da yake sa ran na'urar za ta bayar a shekara. In ya kai 3.5 ko sama, kuma zafin ruwan bai wuce 45 ba, ni da ni ne zan sa. In babu wanda ya iya kaiwa nan sai da kashe kuɗi mai yawa, ku fara da shimfiɗa abin kare zafi a saman silin da toshe kafofin iska, waɗannan suna biyan kansu ko da wace na'ura. Ki gaya wa maigida kada ya ji tsoron sanyin Bradford zai fi ƙarfinta. A Norway, inda hunturu ya fi naku tsanani ƙwarai, kusan gida shida cikin goma da famfon zafi suke ɗumama, sai dai su galibin wutarsu ta madatsun ruwa ce.

Ga sauran masu karatu da ke zaune a gidajen da babu gas, ana ɗumamawa da hita ta lantarki zalla: ku ne maganar rabi ta shafa, har ma ta wuce. Zafin nan na yunit 9,800 da hita zai ci fam 2,400, da famfo kuwa bai kai 900 ba. In haya kuke, sai mai gidan ya yarda, domin shi ne tallafin ya sani.

TAMBAYA: Malam, ni a Jos nake. An ce iyakwandishan yana iya ɗumama ɗaki lokacin hunturu. Haka ne?

AMSA: Haka ne, ɗan'uwa, amma ba kowanne ba. Iyakwandishan shi ma famfon zafi ne, yana kwashe zafin ɗaki ya zubar waje. Wasu suna da bawul da ke juya aikin, su kwaso daga waje zuwa ciki. Yawancin waɗanda ake sayarwa a Najeriya na sanyi ne kawai, kuma alamar rana a jikin rimot ba hujja ba ce, don sau da yawa rimot ɗaya ake yi wa samfura daban-daban. Ka duba takardar da ke manne a jikin injin, in an rubuta ƙarfin ɗumamawa ban da na sanyayawa, to yana yi. In naka yana yi, ɗumin da hita za ta ba ka da yunit uku zai ba ka da kusan ɗaya, kuma sanyin Jos ba ya wahalar da shi ko kaɗan. Ban ba ka shawarar sayen sabo don makonnin hunturu kawai ba. Abin da nake roƙonka shi ne, in an ɗauke wuta kada a shigar da kaskon gawayi ɗakin kwana a rufe ƙofa da taga. Iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum cikin barci.