Amsa: Soda ta ƙi kama wurin giraun a bod ɗin na'urar wasan bidiyo ta Xbox 360

Malam, ka ce sodar tana dunƙulewa kamar ƙwallo, ta ƙi kwanciya. Ba laifin hannunka ba ne. Wurin giraun, wato layin da wuta ke komawa ta cikinsa, haɗe yake da faffaɗan tagulla a cikin bod (allon da kayan lantarkin ke kai), shi ke shanye zafin. Ga kuma sodar kamfani marar dalma ce, sai wajen 217°C take narkewa, alhali mai dalma 63/37 (kashi 63 kuza, 37 dalma) tana narkewa a 183°C.

Cire siririn bakin nan na ƙarfen soda, sa mai faɗi, ka kai zafi 370°C. Shafa fulaks (man da ke sa soda ta kama), ka gauraya tsohuwar sodar da sabuwa mai dalma tukuna, sannan ka ɗora waya.

Amma a ƙananan wurare kada ka wuce daƙiƙa 3, kuma kada ka danna. Tagullar ɓantarewa take yi. Kafin ka kunna, gwada da mitar auna wuta ko sodar ta haɗe wurare biyu da bai kamata su haɗu ba.