Kafin ka taho Ingila, ka tambayi kuɗin ɗumama ɗaki

Ƙanena na ga saƙonka, tambayarka irin ta kowa ce, nawa haya nawa kuɗin makaranta, babu mai tambayar gas da wuta alhali su ne ke cin mutum a ɓoye. Wai ka saba da sanyin Jos, Allah sarki. Nan arewacin Ingila a Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, sanyin kuma mai damshi ne ba irin hunturunmu da hantsi na yi an warware ba, daga Nuwamba har Maris kana cikinsa.

Maganar duk tana wajen zaɓen gida. Gidan haya yana da takardar EPC mai nuna yadda gida ke riƙe ɗumi da cin gas da wuta, maki daga A mafi kyau zuwa G mafi muni, doka ta hana ba da hayar wanda bai kai E ba, amma wallahi ko E ɗin wahala ce, ka duba a intanet kyauta kafin ka sa hannu. Ɗakin da na fara zama tsohon gini ne, tagar gilashi falle ɗaya, iska na kaɗawa labule na rawa, ga mita mai kati, kuɗi su ƙare tsakar dare sai dai in ƙudundune sai gari ya waye in je shago in zuba, mai gidan kuwa ko a jikinsa. In ka samu ɗakin da aka haɗa bil cikin haya kama shi ko ya ɗan fi tsada. Ranar da ka tare ka ɗauki hoton mita, kar a ɗora maka bashin wani.

Ƙaramar hitar lantarkin nan da sabbin zuwa ke rugawa su saya, ita ke kashe su, kuɗin yunit ɗin wuta yakan ninka na gas wajen sau huɗu. Ka bar na'urar ɗumama gidan mai aiki da gas a digiri 18, ka saita mata lokaci safe da dare, ka toshe ƙasan ƙofa da tsohon tawul, ka nemi bargon lantarki da robar ruwan zafi. Ni da haka na rage nawa, yanzu alhamdulillah bil ba ya hana ni barci. Akwai kuma cajin da suke yi kullum ko ba ka kunna komai ba, wannan ba makawa.

Amma kar maƙo ya sa ka kashe na'urar ɗumama gidan gaba ɗaya, bango zai yi baƙin funfuna musamman in kana shanya a ɗaki, ga tari. Kuma don Allah kar ka kuskura ka hura gawayi a ɗaki irin na gida, gidajen nan a rufe suke ruf, iskarsa ba wari ba launi, kisa take cikin barci.

Bizar ɗalibi ba ta ba ka tallafin gwamnati, aiki ma awa 20 ne a sati lokacin karatu, saboda haka ka faɗa wa Alhaji ya ware kuɗin sanyi daban tun daga gida.