Amsa kan kachalla da tauraron ɗan Adam

Malam, kan tambayarka ko tauraron ɗan Adam zai iya nuna inda ciyawar kachalla ta toshe ruwa a fadamar Hadejia-Nguru, eh wallahi yana iyawa. Tauraron Sentinel-2 na Turai duk kwana 5 yake ɗauko hoton wuri, kuma kyauta ne a intanet, ganyen kachalla kore shar yana fita daban da ruwa, sai a jera hoton bara da na bana a ga mashigar da ta rufe har kwalekwale baya wucewa, komar kamun kifi ma sai ta maƙale. Amma fa baya ganin kifi, wannan aikin masunta ne. Da damina hadari na tare shi, sai a koma tauraron Sentinel-1 mai na'urar radar da ke gani ta cikin hadari. Ni abin da ke damuna, hotunan nan basa isa hannun sarkin ruwa.