Habaici, zambo da ladan kuturu a lokacin zaɓe

Wani ɗan'uwa daga Mabera ya aiko yana tambaya, wai malam mene ne bambancin habaici da zambo da gugar zana, kuma in mutum ya yi ma ɗan takara ɗaya daga cikinsu a Facebook ana iya kama shi?

To malam, zambo dai kai tsaye ne, a ɗauko mutum a siffanta shi yadda kowa zai gane shi, tsawonshi ko tumbinshi ko tafiyarshi, wani lokaci ma a maida shi wata dabba, an yi ne don a muzanta shi. Mu nan ƙasar Sakkwato ba baƙon abu ba ne, makaɗan fada irin su Narambaɗa da Salihu Jankiɗi in sun gama wasa ubangidansu sai su juya kan 'yan sarkin da ke harin gadon sarautar, su yi masu tas. Habaici kuwa ba ya kama suna, ba ya siffanta jiki, hali yake taɓawa, ka jefa magana a tsakiyar jama'a mai ita ya tsince ta, shi ya sa aka ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Gugar zana ƙanwar habaici ce, sai dai ita a gaban mutum ake yin ta, kana magana da wani amma don kunnen na kusa da kai.

Batun kamu kuma, ni ba lauya ba ne amma abin a rubuce yake. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinshi, sashe na 45 kuma ya ce ana iya taƙaita shi saboda zaman lafiya da haƙƙin wasu. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, a sashe na 92 ta hana zagi da ƙazafi a kamfen, har da shaguɓen da zai iya tada fitina, ɗan takarar da ya karya sashen kuwa hukuncinshi tarar da ta kai naira miliyan 1 ko ɗaurin wata 12. Ka ga kenan rashin kama suna ba ya fidda mutum, ba ruwan doka da ko habaici ne ko zambo, abin da take dubawa shi ne maganar za ta sa a zaro adduna ko a'a. Kuma akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka sha kama masu rubutu da ita. Ni dai a ganina habaicin da ya tsaya kan aiki, rijiyar burtsatsen da aka yi alkawari ba a haƙa ba, albashin da ba a biya ba, wannan bai kamata ya kai kowa ofishin 'yan sanda ba, ai ko zamanin jam'iyyun NEPU da NPC da ake ɗaure mutane a kotun alkali kan sun taɓa hakimi ba a iya kashe waƙar siyasa ba. Wanda ya shiga asalin mutum da iyayenshi da addininshi kuwa, shi ya ja ma kanshi.

Wata baiwar Allah daga Bodinga kuma ta ce masu neman ƙuri'a sun ba ta taliya da atamfa, ana ta ce mata kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mashi aski, shin karin maganar ta hau kanta? Malama, ladan nan kuɗin aiki ne, wanzami ya amsa don aski, askin kuma sana'arshi ce yana da ikon saidawa. Ƙuri'a ba hajar saidawa ba ce balle a ce an biya. Sashe na 121 na waccan Dokar Zaɓe ta 2022 ya haɗa mai bayarwa da mai amsa, tarar da ta kai naira 500,000 ko wata 12 ko duka biyun, don haka in za ki ji tawa, wani karon in suka zo da ledarsu ki ce masu a kai kasuwa.