Filin Tambaya da Amsa: Me ya sa ake soke mini "he" bayan suna?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida na sakandare a nan Daura, bana zan zauna jarrabawar WAEC da NECO in Allah ya yarda. A insha'in da na rubuta kwanan baya na sa "My father he sells grains in the market", sai malaminmu ya zagaye "he" da jan biro. Na kuma rubuta "The woman that they stole her goat is our neighbour", nan ma ya ja layi a ƙasa ya ce in gyara. Na duba na sake dubawa ban ga laifinsu ba, don ko a bakin manya masu boko ina jin irinsu. Don Allah a warware mini da Hausa.

Ɗalibarku daga Daura

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ba ki sa'a, ya sa a gama lafiya. Malaminki ya yi daidai da ya soke, amma ki kwantar da hankalinki: abin da ya sa hannunki ya rubuta "he" ɗin nan ƙa'ida ce mai kyau ta Hausa, sai dai kin kai ta gidan da ba a aiki da ita.

Ki ce "Musa ya zo". Yanzu ki cire "ya" ki ji. "Musa zo" ya zama kira kike yi masa, labarin ya ɓace. A Hausa suna ba ya hawa kan aikatau kai tsaye, sai an sa ɗan wakilin suna a tsakani: Musa ya zo, Binta ta zo, yara sun zo. Malaman nahawun Hausa suna kiran wannan 'yar kalma zagin aikatau, kuma sunan ya dace da ita. Ke da kike Daura kin sha ganin hawan Sallah, kin ga yadda zagage ke tafe a gaban dokin Sarki. Haka aikatau yake a Hausa, ba ya fita sai da zagi a gabansa. Zagin ne kuma ke ɗauke da lokaci: ya zo, zai zo, yakan zo. "Zo" tana nan yadda take, zagin ke sauyawa.

Turanci ba shi da wannan. Suna yana gama faɗuwa aikatau ke biyo shi: "Musa came", "Binta came". Lokaci kuma a jikin aikatau ɗin yake, "sells" ko "sold", ko kuma a kan kalmar taimako irin "is", "has", "will". Gurbi ɗaya ne tak a gaban aikatau, ko suna ya cika shi ko wakilinsa. Don haka "My father sells grains" daidai ne, "He sells grains" ma daidai ne, amma haɗa su biyu shi ne abin da jan biro ya kama. Akwai wurin da Hausa kanta take barin wakilin suna bayan suna kamar Turanci, zai taimake ki ki ji abin a kunnenki: muna cewa "Babana na sayar da hatsi" maimakon "yana sayar da", muna cewa "Musa kan zo" maimakon "yakan zo". To Turanci kullum a kan wannan tsari yake tafiya.

Kin ce kina jin irinsa a bakin manya. Gaskiya ne, har Turawan kansu sukan ce "My father, he never rests" a cikin hira, da ɗan tsayawa bayan sunan, kamar yadda za mu ce "Babana kam, ba ya hutawa". Wannan maganar baka ce. A takardar jarrabawa kuskure ake lissafa ta.

Inda na fi ganin ɗalibai na faɗawa shi ne idan sunan ya yi tsawo. Ɗalibar da ba za ta taɓa rubuta "Musa he came" ba, sai ka ga ta rubuta "The man who repaired our generator yesterday he is from Mai'adua". Kafin ta kai ƙarshen bayanin mutumin ta manta ta riga ta ambace shi, sai hannu ya sake nemo masa wakili. Komai tsawon abin da ya shiga tsakani, "the man" shi ne mai "is", ba a ƙara masa kowa.

Yanzu jimlarki ta biyu, wadda ta fi ta farko daɗin bayani. A Hausa idan za mu ƙara wa suna bayani da aiki, "da" muke sawa, sannan zagi ya biyo: mutumin da ya zo, matar da ta zo, yaran da suka zo. Ki lura ma "sun" ta koma "suka" saboda zuwan "da". A Turanci kalma ɗaya ce ke yin aikin "da" da na zagin a haɗe: "who" ga mutane, "which" ga dabbobi da abubuwa, "that" ga kowanne. "The girls came" ta zama "the girls who came", aikatau bai canza ba, kuma ba a cewa "who they came", domin "who" ta riga ta tsaya a gurbin "they".

Haka nan idan a kan sunan aikin ya faɗa. Mu muna iya cewa "yaron da na gani jiya", muna kuma iya cewa "yaron da na gan shi jiya", duka Hausa ce. Turanci ta farkon kaɗai ya yarda da ita: "the boy that I saw yesterday". Da zarar kin ƙara "him" kin ambaci yaron sau biyu. A irin wannan jimla ma kina iya jefar da "that" ɗin gaba ɗaya, ki ce "the boy I saw yesterday". Ga yadda za ki gane lokacin da hakan ya halatta: dubi kalmar da ke bin "who" ko "that". In suna ne ko wakilin suna, kamar "I" ko "my mother", kina iya cirewa. In aikatau ne ke biye, ba a taɓa ta. "The man came yesterday is my uncle" karyayyar jimla ce, dole "who" ta zauna a wurinta.

To, matar nan mai akuya. A zuciyarki kin ce "matar da aka sace akuyarta", sai kika bi kalma bayan kalma: "da" ta zama "that", "aka" ta zama "they", "akuyarta" ta zama "her goat". Abu biyu ne suka haɗu. Turanci yana da kalma ta musamman ga mallaka a irin wannan wuri, ita ce "whose", tana haɗiye "da" da "ta" ɗin da ke jikin akuya. Sannan "aka" da "an" namu, waɗanda ba sa faɗin wanda ya yi aikin, Turanci yakan juya jimla ne ya cimma ma'anarsu: "was stolen". Sai ki samu "The woman whose goat was stolen is our neighbour". Ki haddace wannan jimlar kamar karatu, ki riƙa sauya sunayen: "the trader whose shop was burnt", "the pupils whose names were called".

Akwai kuma gajeriyar hanya da za ki yawan gani a littattafai, inda ake cire "who is" ko "which is" a bar aikatau manne da suna. "The woman selling fura" daidai take da namu "mai sayar da fura": sunan ne ke yin aikin, shi ya sa aka sa "ing". "The cotton grown in Funtua" kuwa audugar da ake nomawa a Funtuwa ke nan, a kanta aikin ya faɗa. Abin kiyayewa, waɗannan ba su cika jimla ba tukuna. Har yanzu suna jiran babban aikatau: "The woman selling fura is my aunt". Mu "ce" ɗinmu a ƙarshe take zuwa, "gwaggona ce", shi ya sa wasu ke manta "is" a tsakiya.

Idan bayani ya raba suna da aikinsa, ki koma kan sunan farko wajen zaɓen tilo ko jam'i. "The bag of onions that my father bought is heavy." Buhun ne mai nauyi, don haka "is", ko da "onions" ta fi kusa.

Batun waƙafi a taƙaice: idan sunan sananne ne da ba ya buƙatar a bambanta shi da wani, ana killace bayanin da waƙafi biyu, kuma ba a amfani da "that". Misali, "Umaru Musa Yar'adua, who governed Katsina State from 1999 to 2007, became President in 2007", ko "Katsina College, which was founded in 1921, trained many Northern leaders".

Wannan duk zai yi miki amfani a wuri biyu. A sashen fahimtar rubutu na WAEC akan ciro wani yanki irin "who repaired our generator" a tambayi sunansa a nahawu da aikin da yake yi. Amsar ita ce "adjectival clause" ko "relative clause", aikinsa kuma bayyana sunan da ke gabansa, kuma dole ki faɗi sunan, wato "man". A insha'i kuwa kowane irin kuskuren nan yana cin maki, kuma wanda ya saba da shi ba sau ɗaya yake yinsa a shafi ba. Saboda haka in kin gama rubutu, ki bi kowane aikatau da bakin biro ki tambayi kanki wa ya yi wannan aikin. In kin sami amsa biyu masu nufin mutum ɗaya, ki soke ɗaya.

Ina da magana ga 'yan'uwana malamai a nan. Zagaye kalma da jan biro ba tare da faɗin dalili ba, yaro zai gyara ta yau ya maimaita ta gobe. Na koyar da Turanci a Katsina shekaru masu yawa, kuma ban ga abin da ya fi saurin kashe wannan kuskure kamar rubuta "Musa ya zo" da "Musa came" a allo, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, a bar yara su gano da kansu kalmar da ba ta da abokiya ba. Cin tarar yaro don ya yi Hausa a aji yana raba malami da wannan makami, kuma ni ban goyi bayansa ba.

TAMBAYA

Malam, ni malamar firamare ce a Ƙofar Sauri. Yarana suna rubuta "water of drinking" da "place of sleeping". Me zan ba su a madadinsu?

AMSA

Malama, sannu da ƙoƙari. "Ruwan sha" da "wurin kwana" suke fassarawa, sun mayar da "n" ɗin da ke haɗa kalmomin ta zama "of". Idan aikin da ke bin suna yana nuna amfanin da za a yi da shi, Turanci "to" yake sawa, aikatau ya biyo ba tare da wani ƙari ba: "water to drink", "a place to sleep", "money to buy fertiliser". Ki sa kowane yaro ya kawo misali uku daga gidansu, irin su abincin ci, itacen girki, sabulun wanki, ku juya su tare a allo: "food to eat", "firewood to cook with", "soap to wash with". Ki ja hankalinsu kan "with" ɗin da ke ƙarshen biyun nan, domin da itacen ake girkin, da sabulun ake wankin.